Yadda ake bin haƙƙi idan aure ya mutu a Maraɗi, daga zauren mai unguwa har gaban alƙali

Shekarun baya mijin ɗiyar wana ya kira ta daga cirani ya ce ya sake ta saki ɗaya. Ta sha kukanta, ta ɗaure tufafinta ta bar Bagalam ta dawo gida, ta yi idda a ɗakin uwarta. Ba wanda ya ce a rubuta komai, tunda dai kowa ya ji. Bayan shekara biyu wani ya fito neman aurenta, har an sa rana, sai ga tsohon mijin ya diro gari yana rantsuwa shi bai taɓa sakin matarsa ba, yaji ta yi. Wayar da aka yi maganar da ita ta daɗe da mutuwa. Ni na riƙa raka ta, wata bakwai muna zarya tsakanin zaure da fada da gidan shari'a, kuma duk inda muka shiga tambayar farko ɗaya ce: ina takarda?

Abin da na koya a wannan zaryar shi zan shimfiɗa a nan, bi da bi. Da mace nake magana, don ita ta fi shan wahala idan aure ya mutu, amma namijin da ke son rabuwa ta mutunci ma zai sami abin ɗauka.

Mataki na farko: ki san irin auren da aka ɗaura miki

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya da ke kan kowa. An sha yunƙurin samar da shi, bai yiwu ba. Abin da ke akwai shi ne dokar tsarin kotuna, ta 2004 da wadda ta maye gurbinta a 2018, kuma ita ta ce a sha'anin aure, saki, nasaba da gado, alƙali yana hukunci ne da al'adar masu shari'ar, matuƙar ba ta ci karo da doka ko yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta sa wa hannu ba. A wajenmu idan an ce al'ada a gidan shari'a, galibi ana nufin hukuncin Musulunci na mazhabar Malikiyya haɗe da abin da Katsinawa da Gobirawa suka saba.

To, idan aurenki na ƙofar gida ne, liman ya yi fatiha, an raba goro da dabino, ke kina ƙarƙashin wannan. Ko da daga baya an je ma'aikatar magajin gari an yi rajistar auren an karɓi takarda, hakan bai fitar da shi daga al'ada ba. Akwai kuma tsirarun da suka ɗaura aure a gaban magajin gari suka zaɓi dokar farar hula da aka gada daga Faransa. Su miji ba ya sakinsu da baki, alƙali ne kaɗai ke raba auren, kuma gara su nemi lauya tun daga farko. Ki duba takardar aurenki, ko ki kai wa wanda ya iya Faransanci ya karanta miki.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: idan al'adarku ta bambanta, misali ke Bahaushiya shi Bazabarme ko Ba'abzine, a maganar aure da saki da riƙon yara al'adar mace ake bi, idan ƴar Nijar ce.

Mataki na biyu: ki tantance abin da ya faru

Nan ne ake yawan yin tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Yaji ba saki ba ne. Ko shekara kika yi a gidanku, idan bai furta ba, bai rubuta ba, alƙali bai raba ba, da aurenki. "Tafi gidanku" kuma magana ce mai harshen damo, sai an tambayi mai ita abin da ya nufa. Saboda haka ranar da maganar ta fito, kafin ki yi barci, ki riƙe abu huɗu: kalmomin da ya faɗa daidai yadda ya faɗe su, ranar da ya faɗa, saki nawa ya ambata, da wanda ya ji. Ki rubuta ko da ajami ne, ko ki sa wani ya rubuta miki. Magana zarar bunu ce, amma mai zarar yana iya musantawa gobe.

Idan ya ba ki a rubuce, kada ki yage takardar don baƙin ciki, kada kuma ki bar ta a hannun surukai. Ki ɗauki hotonta da waya, ki je a buga miki kwafi biyu. Idan ta WhatsApp ya turo, rubutu ko murya, ki tura wa waliyyinki da wani amintacce nan take, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a kasuwa. Idan kira ne kawai, kamar na ɗiyar wana, to a ranar waliyyinki ya kira shi gaban mutum biyu baligai, a buɗe muryar wayar, ya maimaita abin da ya ce. Da mun yi wannan kiran na minti uku da ba mu yi zaryar wata bakwai ba.

Daga nan sai lissafin idda. Mai ganin al'ada tsarki uku za ta yi. Wadda ta daina gani saboda shekaru, wata uku. Mai ciki sai ta haihu, ko saura kwana biyu ne ko wata takwas. Wadda aka saka kafin tarewa ba ta da idda, kuma rabin sadaki nata ne. Takabar wadda mijinta ya rasu daban ce, wata huɗu da kwana goma.

Idan saki ɗaya ne ko biyu, yana da damar mayar da ke cikin idda ba tare da sabon sadaki ba. Shi ma komen a yi shi gaban shaidu. Idda ta cika bai mayar ba, shi ke nan, ya zama kamar kowane manemi: sai da yardarki, da waliyyi, da sabon sadaki. Idan uku ne babu kome sai kin auri wani aure na gaskiya, ba na kisan wuta ba. Wanda ya haɗa uku a furuci ɗaya, a Malikiyya ukun ne, ko da yake za ki ji wasu malaman gari suna lissafa shi ɗaya. Kada ku yanke wa kanku hukunci a tsakar gida, a kai kalmomin ga malamin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi.

Sai wata gaskiya da muka yi watsi da ita. Suratu Ɗalaƙ tun a ayar farko ta ce kada a fitar da matan da aka saka daga ɗakunansu. Idda a gidan miji ake yin ta, kuma a sakin da ke da kome ci da sha da wurin kwana duk a kansa suke har ta ƙare. A sakin da ba kome, wurin zama yana kansa, ciyarwa kuma idan da ciki. Mu kuwa mun mayar da abin kunya mace ta kwana a gidan da aka sake ta, sai ta tafi ta ɗora wa tsohonta nauyin da ba nasa ba. Idan zaman ba zai yiwu ba, ko kina tsoron duka, ki tafi, amma ki sani tafiyar ba ta hana ki tambayar haƙƙinki a gaban masu sulhu ba.

Mataki na uku: takardu da kayan ɗaki

Ki tara waɗannan cikin leda ɗaya: katinki na ɗan ƙasa, takardar aure idan akwai, takardun haihuwar yara, katunan awo da na rigakafi, takardun makarantar yara, da shaidar sakin. Takardun haihuwar yara su ne aka fi riƙewa don a ƙuntata wa uwa, to ki yi kwafinsu tun ana zaman lafiya. Idan yaro bai da takarda sam kuma wa'adin rajista ya wuce, a gidan shari'a ake neman hukuncin da zai ba da damar yi masa, da shaidu biyu. Ki haɗa wannan aikin da zuwanki kotu, ki huta da zarya biyu.

Kayan ɗaki naki ne. Gado, katifa, kwanoni, kujeru, duk abin da iyayenki suka kai, da awakin da kika saya da kuɗin ƙuli-ƙulinki ko adashinki. A Musulunci dukiyar mace daban, ta miji daban. Sadaki ma, idan shi ya yi sakin don kansa bayan tarewa, ba a mayar masa ko dala. Amma kada ki aika ƙannenki da amalanke su kwashe kaya ba ya nan. A je da babba ɗaya daga gidanku, ɗaya daga gidansu, ko wakilin mai unguwa, a lissafa a rubuta, kowa ya sa hannu. Na ga shari'ar da ta fi ƙarfin maganar auren kanta a kan firiji ɗaya.

Idan kin taɓa ba shi bashi, jari ko kuɗin haya, ki ambace shi tun a zaman farko. Wanda aka tuno daga baya ana yi masa kallon ƙage.

Mataki na huɗu: sulhu

Ba a fara da kotu. Ko kin je, alƙalin ma sulhu zai fara nema. Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, kuma tsarinmu na gargajiya a kan haka yake tafiya. Waliyyan aure su fara zama. Idan ya gagara, sai mai unguwa a birni, ko mai gari a ƙauye, daga nan hakimi, daga nan fada: fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ko ta Sarkin Gobir a Tibiri ga mutanen can. Wasu kuma ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa suke nufa, wadda aka kafa tun 1974, malamanta suna sauraron rikicin aure kusan kullum.

Abin da ya kamata ki gane shi ne matsayin wannan zaman a doka. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba su ikon sasanta mutane. Sasantawa, ba yanke hukunci ba. Sarki ba zai tilasta miki komawa ɗakin da kika ce ba ki komawa ba, ba zai kuma tilasta masa saki ba. Abin da doka ta ɗora masa shi ne ya sa a rubuta takarda: ko ta cewa an sasanta, ga sharuɗɗan, ko ta cewa sulhu ya gagara. Duka biyun suna da amfani gare ki. Ta gagara ita za ki riƙa zuwa kotu. Ta sasantawa kuwa, idan ku biyun kun sa hannu, ana iya kai ta gidan shari'a a buga mata hatimin zartarwa, ta zama mai ƙarfi irin na hukuncin alƙali.

Don haka kada ki tashi daga zauren da "an gama, Allah ya kiyaye gaba" kawai. Waliyyinki ya ce, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a taimaka mana da takarda." Kuma a takardar a faɗi abu dalla-dalla. "Zai riƙa kula da yaransa" ba sharaɗi ba ne, fata ne. Sharaɗi shi ne jika kaza kowane wata, ranar kaza ga wata, ta hannun wane, da buhun hatsi nawa bayan girbi idan manomi ne, da wanda zai biya kuɗin makaranta da na magani da kayan salla.

A irin wannan zaman manya za su ce ki yi haƙuri, kuma sau da yawa gaskiyarsu ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. Idan abin da ya fitar da ke duka ne ko yunwa, ki faɗe shi da sunansa, kada ki ce "ba komai" kanki a sunkuye, a rubuta cewa ba komai.

Mataki na biyar: gidan shari'a

A birnin Maraɗi akwai babbar kotu, a manyan garuruwan jiha kamar Tasawa, Madarunfa, Gidan Rumji, Mayahi, Dakoro da Agye kuma akwai ƙananan kotuna. Ki fara da wadda ke yankin da kuka yi zaman aure. Idan ba nan ne hurumin ba, magatakarda zai faɗa miki inda za ki.

Kafin ki shiga wajen magatakarda, ki tambayi ofishin ANAJJ, hukumar ƙasa mai ba da agajin shari'a. Dokar watan Disamba 2011 ce ta kafa ta, tana da ofisoshi a manyan kotuna. Aikinta iri biyu ne. Na farko shawara: a saurare ki, a faɗa miki abin da doka ta ce, a taimaka miki rubuta ƙara. Wannan kyauta ne ga kowa, mai kuɗi da talaka. Na biyu a ba ki mai kare ki a gaban alƙali, hukuma ta ɗauki nauyi. Wannan na marasa hali ne, waɗanda ke kawo takardar shaidar rashin hali, amma dokar ta ware wasu da ke samu kai tsaye, kuma a cikinsu akwai macen da ke neman kuɗin ciyar da yara, ko riƙon yara, ko rabon gado, da wadda aka ci zarafinta. Ashe da yawan matan da ke zaune a gindin bishiyar kotu suna da wannan haƙƙin, ba su dai sani ba. Ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH su ma suna ba da shawara.

A shari'ar al'ada ba dole sai da lauya ba, kuma yawancin lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune. Kina iya tsayawa da kanki. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa sun san alƙali, a kawo kaza. Duk kuɗin da za ki biya, a cikin ofis za ki biya shi, a ba ki takardar shaidar biya.

Za a rubuta ƙararki, a ba da sammaci a kai masa, a sa rana. A ƙarar ki jera duk abin da kike nema lokaci ɗaya: a tabbatar da sakin a rubuce, ko a raba auren, riƙon yara, ciyar da su, kuɗin makaranta, kayanki, bashinki. Alƙali yana amsa abin da aka tambaye shi ne. Wanda kika manta sai wata ƙarar.

Ranar zama alƙali ba shi kaɗai yake ba. Ana zaunar masa da mashawarta na al'ada, galibi malamai ko dattawan da suka san hukuncin aure, su faɗa masa abin da al'adarku ta ce, shi ya yanke. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, takardun kotu da Faransanci ake rubuta su, amma ke da Hausa za ki yi magana, akwai tafinta idan da bukata. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan abin da ba a fassara miki ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗi abin da ya faru bi da bi, da ranaku. Ki zo da shaidun da suka gani da idonsu ko suka ji da kunnensu, ba ƴan rakiya masu "an ce" ba. Kada ki katse shi idan yana magana, ko ƙarya yake zubawa, za a dawo kanki. Kuma kada ki yi fashin zama. Idan shi ne bai zo ba, ke ki zo, a rubuta kin zo. Wanda aka kai wa sammaci ya yi ta ƙin zuwa, ana iya yanke hukunci ba ya nan.

Idan ke ce ke neman rabuwa

Hanya biyu ce, kuma bambancinsu kuɗi ne mai yawa. Ta farko hul'i, wato fansar kai: ba ki kafa masa laifi ba, zaman ne ba ki so, sai ki mayar masa da sadaki ko abin da kuka daidaita. Hul'i ba shi da kome, ba zai wayi gari ya ce ya mayar da ke ba. Rigimar da ke tasowa a nan ita ce miji ya zo da dogon lissafi, har da goron gaisuwa da kuɗin kiɗan biki. Kada ki amsa adadi a tsaye don kawai ki tsira. Ki bari a tantance a gaban alƙali da mashawartansa mene ne sadaki, mene ne kyauta.

Ta biyu rabuwa saboda cutarwa: duka, zagi mai muni da ya zama ɗabi'a, rashin ci da sha, ƙaurace wa shimfiɗa. Idan cutarwar ta tabbata, a Malikiyya alƙali yana raba auren ba ki biya komai ba. Mata da yawa suna da hujjar wannan hanyar amma sai su bi ta hul'i don ta fi sauri, su sayar da akuya da gado su fanshi kansu daga wanda ya cuce su. Ki tambayi masu ba da shawara wace ce taki kafin ki zaɓa.

Ga kuma matan ƴan cirani, waɗanda mazansu suka nufi Libiya, Aljeriya, Legas ko wajen haƙar zinariya a Jado, shiru ba aike ba waya. Wanda ya ɓace sam amma ya bar abin ciyarwa, littattafan Malikiyya sun ce a jira shekara huɗu, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka kai maganar gaban alƙali, ba daga ranar da ya hau mota ba. Wanda bai bar komai ba kuwa ba sai an kai haka ba, ana neme shi, a ba shi wa'adi, idan bai ciyar ba a raba. Ko ta wace fuska, zama a gida ana ƙirga damina ba ya kashe aure.

Yara

A nan zukata suka fi zafi. Abin da aka saba ji a gari shi ne yaro yana wajen uwa har shekara bakwai, daga nan uba ya karɓa, wasu ma da an yaye suke aiko a ɗauko. Amma Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta bar wa uwa reno har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta auri wani bare, renon yana komawa ga kakar yaran ta wajen uwa, sannan innarsu, kafin a zo ga dangin uba. Alƙali yana sauraron duka biyun, sannan ya duba inda yaron zai fi samun kulawa: wa ke kai shi makaranta, wa ke kwana da shi a likita, wa za a bar wa shi idan an fita nema. Ki zo da hujjar wannan, ba kuka kaɗai ba.

Ciyarwa tana kan uba ko yaran suna hannunki. Alƙali yana yanka adadin ne gwargwadon samunsa, don haka ki faɗi abin da kika sani: shago a babbar kasuwa, gona, babur na kabu-kabu, albashi. Idan ma'aikaci ne ana iya neman a riƙa cirewa daga albashinsa. Ki nemi a riƙa biya ta hanyar da ke barin shaida, ko ta kamfanonin aika kuɗi irin Nita da Al Izza, ko ta hannun wani da zai rubuta. Wannan kariya ce gare shi shi ma, ranar da za a ce bai taɓa ba da ko sisi ba.

A rubuta ranakun ziyara, da inda yara za su yi hutu da salla. Kuma kada ki hana shi ganinsu don bai biya ba. Laifinsa ne a kai kotu, idan kin hana kin ba shi abin faɗa a kanki.

Idan da duka

Wannan ba ya jiran sulhu. Ki je komisariya ko wajen jandarmomi a ranar, su ba ki takardar zuwa likita, likita ya duba ya rubuta abin da ya gani. Tabo yana warkewa cikin mako biyu, takardar likita tana nan. Duka laifi ne a dokar hukunta laifuka ko mijinki ne ya yi shi, kuma wannan takardar ce za ta tsaya miki idan kin nemi rabuwa saboda cutarwa.

Mataki na ƙarshe: bayan hukunci

Alƙali ya yi magana ba shi ne ƙarshe ba. Ki koma wajen magatakarda ki karɓi kwafin hukuncin ko takardar tabbatar da sakin, mai hatimi. Idan hukuncin bai yi miki ba, a ranar ki tambayi kwana nawa gare ki na ɗaukaka ƙara, don wa'adin yana da iyaka, idan ya wuce ya wuce.

Sannan ki kai takardar ma'aikatar magajin gari. Dokar rajistar al'umma ta 2019 ta sa saki cikin abubuwan da ake rajista, kamar haihuwa da aure da mutuwa, kuma wa'adin kwana 60 ne. Birnin Maraɗi gunduma uku ne, ki je wadda unguwarku ke ciki.

Idan ya biya wata biyu ya daina, kada ki tsaya aike da roƙo har shekara. Ki rubuta watannin da ya tsallake, ki koma kotun da ta yi hukuncin da kwafinki a hannu. Akwai jami'an zartar da hukunci, kuma ƙin ciyar da iyali bayan kotu ta yanke laifi ne da ake iya kai wa mai gabatar da ƙara.

Mu mutanen bakin iyaka muna da ƙarin matsala. Aure tsakanin Maraɗi da Jibiya ko Katsina abu ne na yau da kullum, ana ƙetare iyaka ta garin Ɗan Isa kamar shiga unguwa. Amma hukuncin kotun Nijar ba ya zartar da kansa a Najeriya, haka na kotun shari'ar Musulunci ta Katsina ba ya zartar da kansa a nan. Idan mijin da dukiyarsa suna can, sau da yawa ya fi sauƙi a kai maganar ciyarwa kotun garinsu, ko a bi ta hannun masu sarautar ɓangarorin biyu, waɗanda suka san juna. Idan can aka raba auren, ki karɓo takardar kafin ki hau mota, ki nuna ta a gidan shari'a na nan su faɗa miki yadda za a shigar da ita.

Ranar da wani ya fito, kafin a karɓi goronsa, waliyyinki ya ɗauki kwafin takardar ya kai wa limamin da zai ɗaura auren, su ƙirga iddar tare daga ranar da ke rubuce. Ta ɗiyar wana tana ƙasan akwatin uwarta cikin leda biyu, kwafi ɗaya kuma yana wajena.